Kusoshin da Aka Ɗaure Mota Tana Sama

"Wai wane gwanin ne ya taɓa min bayan mota?"

Akwai wata amarya mai kunya, matar wani matashin bakanike. Ita ta ji wannan tambayar ranar da ta kai wa mijinta abinci gareji. Mai tambayar direban haya ne, ya dawo yana huci. Kwana uku da gyara, motar sai kuka take a kowane rami.

Amarya kuwa ta san amsar. Ranar gyaran tana zaune a benci ta ji tsohon mai garejin ya ce wa mijinta, "Kada ka ɗaure kusoshin roba sai taya ta taka ƙasa." Gogan naka kuwa, garin nuna wa amarya zafin nama, ya ɗaure mota tana kan jak. Ga shi an riga an yi masa kashedi biyu, na uku kora ce.

Da direba ya yi tambayar, tsoho bai ko kalli inda mijin yake ba.

"A garejina aka yi, don haka ni na yi," in ji shi.

Ya danna bayan motar da hannu biyu ya saki. "Ka gani? Sifirin ke ɗaukar nauyi. Shokobsoba ke hana ta ci gaba da rawa in ta faɗa rami. Tsakanin ƙarfe da ƙarfe kuma roba ce. In an ɗaure ta mota na sama, da an sauke sai ta murɗe ta yage."

Direba ya ce, "To Baba, tsufa ne ko mantuwa?"

"Duka biyun, har da yunwa."

Direba ya tuntsire da dariya, fushi ya tafi.

Sannan tsoho ya ce wa mijin, "Zo ɗana, idona ya yi rauni, ara min naka." Suka shiga ramin gyara tare. Mijin ya sa sabuwar roba, ya jira taya ta zauna daram, sannan ya ɗaure. Ya fito ido jajur, wai baƙin mai ne ya faɗa masa.

Amarya ta tattara kwanukanta, ta durƙusa ta gaida tsoho har ƙasa. A hanya ta ƙudurta ba mai jin wannan a bakinta. Ba uwarta, ba ƙawarta, ko shi mijin ba zai san ta gane ba.

Darasi: Babba na gari yana gyara kuskure ba tare da ya yaga mutuncin mai shi ba. In ka ga an rufa wa wani asiri, kai ma kama bakinka. Ku tura wa masu koyar da sana'a.