Sabuwar Laftof da Idon Inna

Akwai wani bawan Allah mai aikin zane a kwamfuta, irin masu tsara allunan talla da katunan gayyata. Tun suna makaranta abokansa ke ce masa Ɗan Gayu, kuma sunan ya bi shi. Idan ya ga sabon abu yana ƙyalli, hankalinsa ba ya kwanciya sai ya taɓa. Amma kada ku yi masa mummunar fahimta. Yana da kirki, hannunsa a sake yake, kuma mahaifiyarsa a gidansa take zaune, shi ke ɗawainiya da ita.

Inna, haka kowa ke kiran tsohuwar, idonta ya fara tafiya. Likita bai ɓoye musu ba. Ya ce magani zai rage wa abin gudu, amma ganin da ya tafi ba ya dawowa. Ta daɗe da haƙura da ƙaramin rubutu. Mutum ma sai ya matso kusa take gane fuskarsa.

Abu ɗaya ne take ɗokinsa a duk mako. Autarta aure ya kai ta wata ƙasa mai nisa, can ta haifi 'ya mace, kuma Inna ba ta taɓa ɗaukar jikar nan a hannu ba. To kowace Asabar da yamma Auta takan kira ta bidiyo.

A falon gidan akwai wata tsohuwar laftof, baƙa, mai kauri, mai nauyi kamar bulo. Batirinta ya mutu tuntuni, fankarta tana ƙugi, don haka ba ta zuwa ko'ina. A kan teburi take zaune. Amma jikinta duk ramukan jona abubuwa ne, hagu da dama, kuma daga ɗaya cikinsu wani kebul ya tafi bayan babbar talabijin. Idan Auta ta kira, matar Ɗan Gayu, wadda ake ce wa Malama saboda koyarwa take yi, sai ta danna maɓalli, fuskar jaririya ta cika talabijin, murya ta cika ɗaki. Inna ta gyara zama tana tafi tana yi wa yarinyar wasa.

Ana nan sai Ɗan Gayu ya ga wata sabuwar laftof a hannun wani abokin aikinsa. Siririya, fara tas, ba nauyi, ba ƙara. Daga ranar hirarsa ta koma guda ɗaya. A ci abinci, laftof. A fita unguwa, laftof.

Wata rana Malama ta karɓi wayarsa ta duba hoton laftof ɗin, ta juya, ta ƙara dubawa.

"Maigida, ina ramukanta?"

"Ga su nan, biyu ne ƙanana. Zamani ya wuce wajen tarkacen wayoyi."

"Kebul ɗin talabijin fa, ina zai shiga?"

"Akwai adafta. Ɗan ƙaramin abu ne, a jona shi a rami ɗaya, sai ya ba ki sauran ramukan."

"To wannan tsadar duka, kuma sai an sake sayen ramuka daban?"

Ya yi dariya ya ce, "Malama, ki tsaya a kan alli da allo. Wannan fannina ne."

Ta ce, "Allah ya ba da sa'a. Amma dai ka bar tsohuwar laftof ɗin a inda take."

Bai bar ta ba. Mai shagon da ke sayar da sabuwar ya ce idan ya kawo tsohuwar laftof za a yi masa ragi, shi kuwa ya ga ba amfanin ajiye gawa a falo. Ya cire kebul, ya sa ta a jaka, ya dawo da sabuwa a kwalinta, fuskarsa kamar ango.

Ni dai ba zan yi wa na'urar nan ƙarya ba, ta yi kyau kuma ta yi aiki. Zanen da a da sai ya tafi shan shayi kafin ya buɗe, yanzu kafin ƙiftawar ido ya fito. Batiri ya wuni. Yakan riƙe ta da hannu ɗaya ya shiga wurin taro, mutane su bi shi da kallo. A wajen sana'arsa, ba wanda zai ce ya yi asara.

Ya kai wa Inna ta sa albarka. Ta shafa murfin ta ce, "Kai, Babana, wannan ai kamar faranti. Allah ya sa alheri, ya kare ka daga sharrinta."

Asabar ta farko komai ya tafi daidai. An jona adafta, an jona kebul, jika ta fito a talabijin. Ɗan Gayu ya kalli matarsa ya ɗaga gira, ita kuma ta yi kamar ba ta gani ba.

Sai dai adaftar nan guda ɗaya ce, kuma a ofis ya fi bukatarta. Na'urar buga takarda sai da ita. Filas ɗin ajiye fayil da masu kawo aiki ke miƙo masa sai da ita. Na'urar haska aiki a bango sai da ita. Rami ɗaya caja ta tare, ɗayan adafta, shi ke nan an gama. A hankali adafta ta samu mazauni a cikin durowar ofis.

Wata Asabar ya zazzage jakarsa bai gan ta ba.

"Inna, yau na manta abin jonawar. Bari mu yi a nan kawai. Ai hoton wannan ya ma fi na talabijin fitowa tas."

"Ba komai, Babana."

Ya ɗora mata laftof a kan ƙaramin teburi. Ta sunkuya, ta yi gaisuwa, ta yi dariya, ta sa albarka. Da aka gama ya ce, "Kin gani ko? Ba ma sai an sha wahalar kebul ba."

Ta ce, "Na gani."

Daga nan mantuwa ta zama al'ada. Mako ya bi mako, ba wanda ya ƙara taɓa kebul ɗin, har ya zame ya faɗa bayan kabad. Wani lokaci ma Asabar takan same shi a waje da laftof ɗin, tunda yanzu ba ta da nauyin da zai sa a bar ta a gida. Ranar sai a yi kiran a wayar Malama.

Malama ta yi magana sau ɗaya, ta yi sau biyu.

"Maigida, ka ƙaro adafta ta gida mana. Inna fa ta daina yi wa yarinyar nan wasa. Da Auta kawai take magana."

"Ta yi miki ƙorafi ne?"

"A'a."

"To kin gani. Da akwai matsala ai da ta faɗa. Zan saya idan na shiga kasuwa."

Ya shiga kasuwa ba adadi. Ya sayo wa laftof jaka mai laushi, ya sayo mata ƙyallen goge fuska. Adafta kuwa kullum sai ya dawo gida yake tunawa.

Ranar da abin ya fito fili yana zaune kusa da Inna, yana latsa wayarsa, kunnensa rabi a hirar. Sai ya ji Auta ta yi ihu.

"Inna! Inna, kalli! Kalle ta!"

Ya ɗago kai. A fuskar laftof yarinyar ta saki kujera, ta ware hannuwa, tana ɗaga ƙafa tana dangwalawa, tana layi, tana nufo uwarta. Tafiyarta ta farko ke nan a duniya.

Inna ta ƙara sunkuyawa, ta yi murmushi ta ce, "Ma sha Allah. Kai, rigar nan ta yi mata kyau."

Can Auta ta ce, a hankali, "Inna, ba riga nake nuna miki ba. Tafiya ta yi. Yanzun nan ta taka."

"Ashe? To, to. Allah ya raya ta. Allah ya sa ƙafar alheri ce."

"Inna, ba ki gani ba ne?"

Tsohuwa ta hau murza bakin mayafinta.

"Yaya, kana nan?" in ji Auta. "Me ya faru da talabijin?"

Ɗan Gayu ya ajiye wayarsa. Ya ce wa Auta za su sake kira, ya rufe laftof.

Ya sauko daga kujera ya zauna a ƙasa gaban mahaifiyarsa.

"Inna, tun yaushe?"

"Tun yaushe me?"

"Tun yaushe ba kya ganinsu?"

Ta ce, "Tun da aka daina sawa a babbar. A wannan inuwa nake gani tana motsi. Idan inuwar babba ce, na san Auta ce. Idan ƙarama ce, na san mutuniyar ce."

"Me ya sa ba ki faɗa min ba, Inna?"

"Na ga yadda kake murna da ita, Babana. Ka sha wahala ka sayi abinka. In ce maka bai yi min ba? Ai muryarsu ina ji. Na ce wannan ma ya isa."

Wallahi da zaginsa ta yi da ya fi masa sauƙi. Kunya ta rufe shi. Ya tuna duk Asabar ɗin da ya zauna a gefenta yana yabon hasken hoto, ita kuwa tana gaida inuwa don kada ransa ya ɓaci.

Malama tana tsaye a bakin ƙofa. Ba ta ce ai na faɗa maka ba. Ta ɗauko makullin mota ta miƙa masa, ta ce, "Shaguna ba su rufe ba tukuna."

Ya fara zuwa shagon da ya bar tsohuwar laftof. Mai shago ya ce, "Wace? Baƙar nan? Yallaɓai, ai an daɗe da farke ta, an sayar da kayan cikin." Ya sayi adafta, irin wadda ya yi ta ɗaga sayenta. Abin da ya fi ci masa rai shi ne yadda ta yi araha, da yadda sayen bai ɗauke shi wani lokaci ba. A hanya ya kira Auta ya tambaye ta ko ta ɗauki bidiyon tafiyar. Ta ce, "Da me zan ɗauka, Yaya? Wayar tana kan kira. Ai na zaci Inna na kallo."

Da ya dawo ya ja kabad, ya zaro kebul ɗin da ƙura ta rufe, ya goge shi, ya jona adafta, ya naɗe su tare da salatif don kada wata rana hannunsa ya kai ya cire. Sannan ya kira Auta.

Fuskar yarinyar ta cika talabijin.

Inna ta zauna inda ta saba zama, ta ƙura ido. Ta karkata kai. Ta ce, "Babana, ɗan matso da ni."

Ya matsar da kujerar.

"Ƙara."

Ya ƙara. Sai da gwiwarta ta kusa taɓa kabad sannan ta ɗaga hannu alamar ya isa. Nan ya gane cewa a watannin da ya yi yana cewa gobe, idon bai tsaya jiransa ba.

Ta daɗe tana kallo. Yarinyar ta wangale baki tana dariya, ta kawo hannu tana dukan wayar uwarta.

"La ila," in ji Inna. "Haƙora ne waɗannan? Har da na sama?"

"Sun daɗe da fitowa, Inna," in ji Auta.

"Ga gashi ya cika kai. Ni da na san ta da ɗan kanta sulɓi." Ta kai yatsa ta taɓa gilashin talabijin daidai kumatun yarinyar. "Ashe haka kika zama, 'yar nan. Ashe kin girma ban sani ba."

Ɗan Gayu yana tsaye a bayan kujerarta. Ya sa hannun riga ya share fuskarsa, bai bari ta ji ba.

Inna ta ce, ba tare da ta waiwayo ba, "Auta, ajiye ta a ƙasa. Ko faɗuwa za ta yi, ki bar ta. Ina so in ga tafiyar da idona tun yana nan."

Darasi: Kafin ka sayi sabon abu, komai kyansa da tsadarsa, ka tsaya ka tambayi kanka su wa ke amfana da tsohon, kuma me za su rasa idan ka canza. Na'ura tana iya dacewa da aikinka ta kasa dacewa da gidanka. Sannan shirun iyaye ba ya nufin komai lafiya, sau da yawa suna haɗiye damuwarsu ne don kada su rage mana farin ciki. Ƙaramin gyaran da kake ta ɗagawa, yi shi yau. Ku tura wa 'yan uwa da abokai wannan labari, wataƙila akwai wata Inna a gidan wani da take cewa "ba komai".