Koren Akwatin Athol

Akwai wani dattijo a nan Mildura mai suna Lyall Dunstan, tsohon direban tirela. Mutumin nan ya iya tuƙi, wannan ko maƙiyinsa ba zai hana masa ba. Amma Allah bai ba shi haƙuri ba, kuma idan kana so ka gama da shi, to ka yabi ribas ɗinsa.

Ni da shi fili ɗaya muke ajiye karaban ɗinmu, gidajen nan masu taya da muke ja da mota. Filin na wani ne Carmelo, can bayan gonakin inabi. Ya kewaye shi da waya, ya sa kyamara, ya sa ƙofar lantarki da ba ta buɗewa sai ka danna lambarka ta sirri.

Doka ɗaya ce Carmelo ba ya wasa da ita. In ka shige, ka tsaya cak, ka jira ƙofa ta rufe a bayanka kafin ka wuce. Ƙofar kuwa akwai nawa, tafiya take kamar tsohuwa mai ciwon gwiwa. Duk muna ƙorafi, amma muna jira. Ban da Lyall.

A cikinmu akwai wata dattijuwa, Noelene Pascoe. Mijinta Athol ya rasu a ƙarshen zafi, aka ƙona gawarsa kamar yadda ya bar wasiyya. Kafin ya cika ya roƙe ta abu guda: ta kai tokarsa kogin Daly, can arewa, inda suke zuwa kamun kifi duk lokacin sanyi tun suna da ƙuruciya. Ta kama hannunsa ta yi masa alkawari.

Noelene ta saka ƙunshin tokar a cikin koren akwatin da yake ajiye ƙugiyoyin kifinsa, wanda ya rubuta sunansa a jiki da farin fenti. Ta kai akwatin cikin karaban ɗinsu ta ajiye a kan gado. Ta ce Athol bai taɓa son zaman gida ba, can ne ɗakinsa. Jira kawai take sanyin Yuni ya shigo, don a nan lokacin ne hunturu, ta bi ayarin tsofaffi masu tafiya arewa.

Wata rana da hantsi Lyall ya zo ƙofa ya tarar da motar Noelene a gabansa. Ta shige, ta tsaya tana jiran ƙofa ta rufe. Shi kuwa so yake ya bi ta a baya ya huta danna lamba. Ya danna mata hon har sau ba adadi, sannan ya leƙo da kai.

"Haba Noelene! Matsa mana! Ko mutuwa kika yi a kan sitiyarin?"

Ta sauke gilashi a hankali. "Kana da lambarka, Lyall. Ka jira ta rufe ka danna."

"Ni ne ɓarawon? Dubi furfurata!"

"Ban ce kai ne ba. Mijina yana ciki, shi ya sa."

Lyall ya yi tsaki ya ce da mu daga baya wai baƙin ciki ya taɓa kan matar. Ban yi dariya ba, amma wasu sun yi.

Ranar wata Asabar da rana tsaka, fili ba kowa, Lyall ya zo duba tayoyinsa. Ya danna lamba, ya shige da gudu kamar yadda ya saba. Wata farar a-kori-kura ta biyo shi a baya kafin ƙofa ta rufe. Ya gan ta a madubi, bai damu ba.

Mai motar yana sanye da rigar ma'aikata mai ruwan lemo, ga hula, ga baƙin tabarau. A ƙasar nan in ka sa wannan riga, ko rufin coci kake ɓamɓarewa ba mai tambayarka. Sai dai a ce maka sannu da aiki.

Mutumin ya nufi wani karaban a layin baya, ya fara ribas don ya haɗa shi da motarsa. Ya yi, ya kuskure. Ya sake, ya kuskure. Lyall yana tsaye yana kallo, abin yana cin ransa kamar ana yanka shi.

"Kai aboki!" ya ɗaga murya. "Wa ya ba ka lasisi? A kanti ka saya?"

Mutumin ya fito yana dariya yana sosa ƙeya. "Wallahi dattijo abin ya gagare ni. Na gwaggota ne, ta ce in kai mata gareji a duba birki. Kai da gani ka san hannu."

"Tirela na ja kafin a haife ka. Matsa ka ga aiki."

Lyall ya shiga motar baƙon, ya yi ribas sau ɗaya tak, ƙwallon ƙarfen bayan motar ya tsaya daidai ƙarƙashin wuyan karaban. Mutumin ya tafa hannu. "Kai! Ban taɓa ganin irin wannan ba. Gwani ne kai!"

Kan Lyall ya kumbura. Sai suka ga kwaɗo a wuyan karaban ɗin. Baƙon ya lalube aljihu, ya dafe kai. "Kash! Ta ba ni makullin gida maimakon na nan. Tsofaffin nan sai haƙuri. Yanzu sai na koma har cikin gari."

"Wane gari? Ɓata lokaci!" in ji Lyall. Ya je motarsa ya ɗauko injin yankan ƙarfe, ya datse kwaɗon da hannunsa.

Bai tambayi sunan gwaggon ba. Bai ɗaga waya ya kira Carmelo ba. Karaban farare ne reras a filin nan, kuma Lyall bai taɓa kallon na kowa ba sai nasa. Da suka gama, shi ya shiga gaba ya buɗe ƙofa da lambarsa, baƙon ya biyo shi, ya ɗaga masa hannu ya miƙi hanyar kudu.

Washegari Noelene ta zo da furanni da butar shayi, kamar yadda take yi duk Lahadi. Ta tarar da wurinta wayam, sai guntun kwaɗo a ƙasa. Ni ma ina filin a ranar. Ba ta yi ihu ba. Ta zauna a kan tsakuwa tana cewa "Athol, Athol" a hankali, kuma har yau ban manta muryar nan ba.

Carmelo ya kunna kyamara a gaban 'yan sanda. Fuskar ɓarawo ba ta fito ba, lambar motarsa ta bogi ce. Fuskar da ta fito tar ita ce ta Lyall, yana dariya, tartsatsin wuta yana tashi daga injinsa.

'Yan sanda sun wuni suna yi masa tambayoyi kafin su yarda cewa wauta ce ba haɗin baki ba. Carmelo ya ce ya kwashe kayansa ya bar masa fili. Lyall ya je gidan Noelene, ya tsaya a bakin ƙofa da hula a hannu.

"Noelene, zan saya miki sabo. Wanda ya fi wancan."

Ta dube shi. "Da Athol a ciki?"

Ta rufe ƙofarta.

Sanyi ya shigo, ayari ya tafi arewa, Noelene tana gida. Wani ɗan sanda ya faɗa wa Lyall cewa ɓarayin nan ba sa tafiya da tarkacen mutane, sukan ratse daji su zubar. Daga ranar Lyall ya shiga bin hanyoyin daji ɗaya bayan ɗaya, yana tsayawa a duk juji. Mutumin da ba ya iya jiran ƙofa ya koma tona shara da sanda. Ya rame, ya daina zuwa mashaya. Na ji tausayinsa, duk da haushinsa bai bar ni ba.

Sai da sanyi ya kusa fita ya samu. A wani kwari kusa da hanyar Ouyen, cikin tsofaffin tayoyi da ruɓaɓɓiyar katifa, ya hango koren akwati da farin rubutu. A buɗe yake. An kwashe ƙugiyoyin, an yage ƙunshin, ruwan sama ya wanke tokar.

Ya kai wa Noelene akwatin. Ta shafa sunan da yatsa, ta leƙa ciki. Sannan ta ɗauki rigar sanyinta.

"Kai ni wurin."

Ya kai ta. Ta sauka cikin kwarin tana dafa sanda, ƙudaje suna tashi, warin mushen tunkiya ya cika wurin. Ta tsaya a kan jar laka inda ya nuna mata. Ta buɗe butarta ta zuba shayi a ƙasa, irin mai kauri da Athol yake so.

Lyall yana bayanta yana kuka kamar yaro. "Ki yafe mini, Noelene. Don Allah."

Ba ta juyo ba. "Kogi na yi masa alkawari, Lyall. Ka ga inda ka kawo shi."

Noelene ba ta sake sayen karaban ba, ba ta kuma sake zuwa arewa ba. Akwatin yana kan teburinta, ba komai a ciki.

Darasi: Dokar da kake rainawa don ta ɓata maka ɗan lokaci, wataƙila ita kaɗai ce ke tsare abin da wani ba zai taɓa maye gurbinsa ba. Mugu ba shi da kama, kuma ba kullum yake haura katanga ba. Wani lokaci yabonka zai yi, kai da kanka ka buɗe masa. Ka jira ƙofa ta rufe, ka tambayi baƙo kafin ka ba shi hannu. Ku tura wa duk wanda kuke ajiya wuri ɗaya da shi, musamman mai gaggawar cikinku.