Zurfin da Gora ke Taɓawa

An ce a zamanin Sarki Barmo na Tungar Maje, kogi yakan yi wani dogon lanƙwaso kafin ya iso garinsa, har jiragen gishiri da kanwa suka gaji suka koma wata kasuwa. Abin ya tsaya wa Barmo a rai, don kasuwarsa na mutuwa yana kallo. Ya rantse zai haƙa hanyar ruwa ta yanke lanƙwason a rani guda, zurfinta gaba biyar, yadda jikoki za su riƙa labari.

Yana bakin kogi da igiyar awon zurfi, sai wani tsohon zalɓe ya ce, "Ranka ya daɗe, ni da ruwa ƙafa ce ta haɗa mu. Ka ji labarin Sarki Jatau?"

Barmo ya ce, "Faɗi, amma a taƙaice."

Zalɓe ya ce, "Jatau ma zurfi ya so. Da zai fara haƙa tasa hanyar ruwan, wani tsohon matuƙin jirgi, Mantau, ya durƙusa ya ce, 'Allah ya ba ka nasara, bari in ba ka labarin Korau. Attajiri ne, wani dutse a tsakiyar kogi yana tare masa jirage. Ya tara mutane suka gasa dutsen da wuta, suka fasa shi. Mata masu wanki sun san dutsen nan ne ke riƙe ruwan mashigar garin, amma wa ya tambaye su? Ruwa ya zurare, jiragen Korau suka zauna kan yashi har damina. Ƙarfi yana da shi, tambaya ce bai yi ba.'

"Jatau ya yi dariya, ya ba Mantau goro ya sallame shi. Aka haƙa, aka saki ruwa. Ranar buɗewa jirgin hatsi ya shigo maƙil, matuƙa suka zura gora, gora ba ta taɓa ƙasa ba! Da me za su tura? Ruwa ya juya jirgin, ya maka shi da gaɓa, gero ya zama rabon kifi. Daga ranar matuƙa suka koma tsohuwar hanya. Ni na ga wannan, ranka ya daɗe, kuma har yau kadoji ne kawai ke bin hanyar Jatau."

Kunya ta kama Barmo, don wata uku yana shawara da fadawa, bai taɓa kiran matuƙi ko ɗaya ba. Ya sa aka kirawo shugaban matuƙa, ya ce, "Baba, kawo gorarka."

Tsoho ya miƙa. Barmo ya shimfiɗa igiyar awo kusa da ita, ya ce, "Nuna mini inda ruwa ke tsayawa in tuƙi na yi maka daɗi."

Tsoho ya aza yatsa. Sarki ya zaro wuƙa ya yanke igiyar daidai wurin, ya jefa ragowar cikin kogi.