Makunnin Hitar Tankin Kashe Gobara

Shugaban kasuwar Tudun Gawo, Alhaji Maikano, ya dawo daga wata ƙasa mai sanyi da hita, ya ce a saka ta a tankin ruwan kashe gobara don kada ruwan ya zama ƙanƙara. Ya kira Barau mai gyaran wuta.

"Doka ta ce a yi mata makunni kusa da tanki, don mai gyara ya iya yanke wuta. Ni kuma na ce kada ta daina aiki ko an kashe makunnin. Ka cika duka biyun, ko ka bar rumfarka."

Barau ya kafa makunni, bai ja waya ko ɗaya ba. Ranar gwaji 'yan kasuwa suka taru, rana tana dukan kowa.

Barau ya ce, "Ranka ya daɗe, kashe makunnin ka tsoma hannu a ruwan. Wuta ta ja ka?"

"A'a."

"Doka ta cika. Ruwan ya daskare?"

"A'a."

"To, hita tana aikinta."

Alhaji ya shafa hitar, ya ɓata rai. "Sanyi ƙalau take. Ba ka haɗa komai ba."

"In ba ta aiki, kuma ruwa bai daskare ba, ashe garin nan ba ya buƙatarta. Sai jama'a su tambayi wanda ya kawo ta."

Alhaji ya dubi taron. Ya sake taɓa hitar, ya fizge hannu yana hura yatsunsa.

"Yanzu na ji zafin. A ƙara masa rumfa."