Maganar da Ta Dawo Gida

Akwai wani matashi mai shafin kiwon lafiya a intanet, abokansa suna kiransa Bincike-ya-nuna, don ba ya buɗe baki sai da wannan furucin. Wane bincike? Oho. Abin da ya tsinta shi yake yi wa kwalliya ya wallafa, mabiya su yi ta yaɗawa, kansa na ƙara kumbura.

Wata rana ya je gaida mahaifiyarsa mai fama da hawan jini. Ɗakin tsit, labule a sake. A kan tebur ga kwalin maganinta ko ɓare shi ba a yi ba, gefe kuma kofi cike da wani koren ruwa.

"Umma, kin daina shan magani ne?"

"Na samu wanda ya fi shi," in ji ta. Ta kunna masa wani saƙon murya. Muryar wata mata ce, a sanyaye, ba hawa ba sauka: "Masana sun tabbatar, ruwan ganyen nan yana wanke jijiya tas, kamar ana wanke tiyo."

Bai san matar ba, amma kamar ya san maganar.

Ya kira ƙanwarsa mai karatun haɗa magunguna, ta zo, ya kunna mata saƙon. Ta jawo kwamfuta ta ce, "Yaya, ba kowane rubutu ba ne bincike. Na gaske a mujallar masana yake fitowa, kuma sai wasu masanan fannin sun tantance shi tukuna. Za ka ga sunayen marubuta, da jami'arsu, da yadda aka yi gwajin, da madogararsu."

Ta lalube rumbun mujallun masana na intanet kaf. Babu ko alamar zancen.

Sai ta koma bin sawu. Wata jaridar intanet ta ce daga wani bidiyo ta samo. Mai bidiyon ya jingina da wani shafi. Shafin ya nuna wani. Duk inda ta taɓa, ga tiyon nan.

Da shafin ƙarshe ya buɗe, sai ta juyo masa da kwamfutar. Hotonsa ne, yana murmushi. Tsohon rubutunsa ne, na wata rana da ya rasa abin wallafawa.

Ya durƙusa gaban mahaifiyarsa. "Umma, wallahi ni na ƙirƙiro maganar nan. Babu wasu masana."

Ta yi dariya har da tari. "Kai? Kai da allura ma gudunta kake? Masana suka faɗa, ɗan nan. Kowa ya ji."

Ya goge rubutun, ya yi magiya har da hawaye. Ta ce to, za ta sha maganin, don dai ya ƙyale ta.

Ba a jima ba ɓarin jikinta ya shanye.

Yana zaune gefen gadonta a asibiti, yana ba ta ruwa a cokali, baƙin ciki kamar ya kashe shi. Can daga bayan labule, a gadon da ke kusa, wani ya kunna waya. Muryar nan ce, a sanyaye: "Masana sun tabbatar..."

Darasi: Kafin ka ce "bincike ya nuna", tambayi kanka: wa ya yi shi, a wace mujalla ya fito, su wa suka tantance shi? Abin da ka saki ba ya gogewa, kuma yana iya dawowa ya sami naka. Ku tura wa 'yan uwa, musamman masu saurin turawa.