Lanti da Gidan Takardar Alawa

An yi wasu tsutsotsin ruwa guda biyu, ya da ƙanwa, a ɗan rafin da ya ratsa ƙarƙashin gadar kasuwa. Irin tsutsotsin nan ne da kowacce ke ɗinka wa kanta gida kamar ɗan bututu da zaren bakinta, ta shige ciki, duk inda za ta tana jan abinta. Babbar ita ce Yalwa, uwar haƙuri. Ƙaramar kuwa Lanti, son a gani kamar ya kashe ta.

Aikinsu kullum cinye ruɓaɓɓen ganyen mangwaron da ke faɗowa rafin. Ba don su ba, da tuni ruwan ya yi wari.

Yalwa da yashi ta yi gininta, ƙwaya bayan ƙwaya. Ita kuwa Lanti tarkacen kasuwa ta bi, ta tsinto takardar alawa mai ruwan zinariya da guntun jar leda, ta liƙa.

"Yaya, dube ni! Ke kam kin zama tsakuwa mai ƙafa."

"Haka nake so," in ji Yalwa. "Lanti, gidan nan naki ba nauyi, ga ƙyalli. Kin manta da Karfasa?"

Karfasa kifi ce mai haɗama, ba abin da ke wucewa ta gabanta ya tsira.

"Hassada ce kawai!" in ji Lanti, ta murguɗa baki.

Maganar ta yi wa Yalwa zafi, amma tsoro ya fi zafin yawa, domin wannan 'yar ƙanwar ita kaɗai gare ta.

Ran nan aka sheƙe da ruwa kamar da bakin ƙwarya. Kwatocin gari suka kwararo cikin rafin. Yalwa ta lafe a jikin dutse, nauyin yashi ya riƙe ta. Tana ɗaga kai sai ta hango Lanti ta yi sama, tana juyi tana walƙiya, ga Karfasa ta taho baki buɗe.

"Lanti! Saki gidan! Fito!"

"Yaya, kwana bakwai na yi ina ɗinkinsa!"

"Don Allah ki fito, ke nake so ba gidan ba!"

Lanti ta saki ƙugiyoyin wutsiyarta da ke riƙe da gidan, ta sulale tsirara zuwa ƙasa. Karfasa ta yi wuf ta haɗiye fankon gida. Leda ta maƙale mata a wuya, ta wuce tana kakari, ranar ko abinci ba ta ƙara nema ba.

Yalwa ta janyo ƙanwarta ƙarƙashin wani ganye, ta tare bakin wurin da jikinta har ruwa ya lafa. Lanti kuwa kunya ta hana ta ɗaga ido.

Ba gori, ba faɗa. Yalwa ta fara miƙo mata yashi, ita tana ɗinkawa. Da ginin ya kusa ƙarewa, Lanti ta ce a hankali, "Yaya, ko ɗan mitsitsin ƙyalli ɗaya?"

Yalwa ta yi dariya har gidanta ya girgiza. Ta tsinto ɗan ɓarɓashin takardar zinariyar ta ba ta.

"Sa shi daga ciki. Ke da ni mun san yana nan."

Darasin wannan labari shi ne, gida don ya tsare ka ake yin sa, ba don ya ja ido ba. Kuma wanda ya gaya maka gaskiya tun ba ka son ji, shi ne zai tsaya maka ranar da ruwa ya ɗauke ka.