Aiko Ni Aka Yi

Akwai wani a cikinmu da ya yi ɓarna da hannunsa a makon nan, ya wanke hannun da sabulu, ya zo da shi sujada yana tafa wa Ubangiji. Ba za a kira sunansa ba. Ya san kansa, matarsa ma ta san shi. Bai yi sata ba, bai zagi kowa ba, rigarsa a goge take. An dai ce masa je ka, ya tafi. To, ya gyara zama, ga misalinsa.

Akwai wani mutum, kafinta, sunansa Irmiya, yana zaune da iyalinsa a wani gidan haya a bakin hanya. Gidan irin mai jerin ɗakunan nan ne, ɗaki na jingine da ɗaki, rufin kwano ɗaya ya lulluɓe su daga wannan kai zuwa wancan. Ɗakin ƙarshe ta gabas na wata gwauruwa ce, Mama Damaris mai awara. Na Irmiya yana manne da nata. In ta yi tari yana ji, in yaransa sun kaure da faɗa ita ke buga bango ta raba su. Duk haihuwar da matarsa Laraba ta yi, Mama Damaris ce ta yi mata wankan jego.

Ana nan sai aka zuba wa hanyar kwalta. Mai gidan ya zo ya tsaya a bakin titi, ya dubi motoci, ya dubi gidansa, zuciyarsa ta ce masa shaguna. Ya sa aka gaya wa 'yan haya kowa ya nemi wuri. Ba laifin da suka yi masa. Kwalta ce ta ƙara wa ƙasar daraja, su kuma ta rage tasu. Ba wanda ya motsa. Su je ina? Damina ta kawo kai, ɗaki a garin kuwa ya fi aikin gwamnati wuyar samu.

Mai gidan nan yana da wayo. Ba ya son kotu, ba ya kuma son a ce dattijo kamarsa ya watsar da kayan mutane a titi. Amma ya san in aka tayar da mutum ɗaya, jikin sauran zai yi sanyi. Sai ya ja Irmiya gefe.

Ya ce, "Irmiya, kai ɗan gida ne, ba na haɗa ka da su. Ɗakinka ba mai taɓa shi. Shagunan ma in sun tashi, wa zai yi rufinsu in ba kai ba?"

Irmiya ya rusuna. "Na gode, ranka ya daɗe."

"Sai dai wani ɗan aiki. Ɗakin tsohuwar nan, ka hau ka sauko mini da kwanonsa. Ban ce ka taɓa ta ba, ban ce ka taɓa tukunyarta ba. Kwano nawa ne, ina son abina."

Irmiya ba mugu ba ne, kada wani ya yi saurin jin daɗi. Amma ya tuna da yaransa a cikin ruwan sama, ya tuna rabonsa da aikin kirki. Ya ce a ransa, in ban hau ba wani kafintan zai hau, tsohuwa ta tashi, ni ma in tashi. Ya juya maganar, ya sake juya ta, har ta yi laushi ta haɗiyu.

Da ya ɗauko tsani, Laraba ta tare shi a bakin ƙofa.

"Baban Zakka, ɗakin wa za ka hau?"

"Ba ruwanki."

"Mama fa? Mama Damaris? Matar da ta wanke maka 'ya'ya tun suna jini?"

"Ni na ce a kore ta? Gidana ne? Aiko ni aka yi."

Laraba ta dube shi daga sama har ƙasa. Ta ce, "To, wanda ya aiko ka ya zo ya riƙe maka tsanin." Ta shige ɗaki.

Ya hau shi kaɗai. Sauran 'yan haya suka leƙo, suka ce Allah ya kyauta, kowa ya saki labulensa. Ya zare ƙusa, ya ɗaga kwano, hasken rana ya faɗa a kan gadon tsohuwa. Tana bakin titi tana suya, ta ji ƙara, ta shigo da matsami a hannu, ta ɗaga kai.

"Wa nake gani a sama kamar Irmiya?"

"Ina kwana, Mama."

"Lafiya lau. Yoyon nan da na yi ta roƙonka ka toshe mini, yau ka tuna da shi?"

Ya kasa haɗa ido da ita. Ya ce, "Mama, aiko ni aka yi."

"Aiko ka aka yi. To, madalla." Ta nuna masa da matsamin. "Ka taka a hankali. Katakon gefen nan gara ta cinye shi, kada ka faɗo mini a kan gado."

Da zaginsa ta yi da ya fi masa sauƙi. Ya ƙarasa aikin da sauri kamar ana korarsa.

Shi kafinta ne, ya san abin da ya yi. Kwano a kan kwano yake hawa, kowane yana danne bakin ɗan'uwansa. Da ya kwashe na tsohuwa, bakin nasa rufin ya tsaya a buɗe, yana kallon gabas inda hadari yake fitowa. Ya sani sarai. Sai ya ƙara wa nasa gefen ƙusoshi, ya buga, ya buga, har kwanon ya lotsa. Ya ce iyakar ɗakina ke nan, daga nan zuwa can ba nawa ba ne.

Mama Damaris ba ta tashi ba, don ba ta da inda za ta. Matan zumuntar ikkilisiya suka ji labari, suka zo da tsohon tamfol ɗin da ake kafawa in ana biki a majami'a. Suka ɗaure shi a cikin ɗakin, can ƙasa da kan bango, da igiya da duwatsu, suna yi suna tsine wa mai gida da murya ƙasa-ƙasa suna neman gafara da murya sama. Rumfar ta yi gajarta, sai mutum ya sunkuya yake shiga. A nan ta ci gaba da kwana, ta ci gaba da jiƙa wakenta. Kullum da safe tana gaida Irmiya. Shi ne ya koma zagayawa ta bayan gidan don kada su haɗu.

Ran nan da la'asar gabas ta yi baƙi. Iska ta taso da ƙura da ledoji, ta zo ta sami baki a buɗe, ta shige ƙarƙashin kwano. Irmiya yana tsakar gida yana jin ƙusoshinsa suna kuka ɗaya bayan ɗaya. Rufin ya ɗaga, ya sauka, ya sake ɗagawa, sai ya ɓare kamar murfin gwangwani, daga ɗakinsa har ɗakin ƙarshe ta yamma, da na masu Allah ya kyauta duka. Iska ta nannaɗe shi ta jefar a bayan gidan. Sannan ruwa ya kece.

Ana cikin kwasar katifu da kukan yara sai ga motar mai gida. Bai fito ba, gilashi ya sauke kaɗan. Irmiya ya ruga.

"Ranka ya daɗe, ɗakina! Ka ce ba mai taɓa shi!"

"Ni na taɓa? Iska ce, ikon Allah. Gida babu rufi kuwa ba ya zaunuwa. Ka gaya musu kowa ya kwashe."

"To, aikin shagunan fa?"

Mai gida ya yi dariya. "Kafintan da rufin ɗakinsa ya tashi, shi zan ba rufin shago?" Ya ɗaga gilashinsa, mota ta tafi.

A duk gidan wuri ɗaya ne busasshe. Iskar da ta kwashe kwano ta bi ta kan tamfol ta wuce, don yana ƙasa, ba ta sami inda za ta kama ba. Mama Damaris ta ɗaga gefensa ta kwaɗa kira.

"Laraba! Kawo yaran nan kafin sanyi ya kama su!"

Laraba ta shige da yara. Irmiya ya tsaya a tsakar gida, ruwa na dukansa, guduma a hannu, bai ma san ya ɗauko ta ba. Tsohuwa ta leƙo.

"Kai kuma fa? Shigo mana. Ko wannan ma sai an aiko ka?"

Ya ajiye gudumar. Ya sunkuya, don ba a shiga rumfar nan a tsaye. Da ya shiga bai ɗago ba.

"Mama, ni ne. Ni na yi."

"Na sani, ai ina kallo. Matsa can, kana ɗiga mini a kan wake."

Gidan dai an rushe shi, kowa ya watse da kayansa a ka. Ikkilisiya ta sama wa tsohuwa ɗaki. Irmiya ya mai da iyalinsa ƙauye wurin 'yan'uwa. Shagunan kuwa, wani kafinta aka ɗauko daga wani gari.

Ma'anar misalin nan kuwa, ga ta, ba sai an je makarantar fastoci ba.

Kuna jira a ce mai gida ne mugu, ku gyaɗa kai, ku tafi cin shinkafa. Mugu ne, Allah yana jiransa. Amma mai gidan nan bai iya hawa tsani ba. Da bai sami hannu ba, da muguntarsa ta tsufa a cikinsa. Azzalumi bai taɓa yin aikinsa da kansa ba. Kullum sai ya nemo wani mai yara da yunwa daga cikin waɗanda zai zalunta, ya ce masa kai ɗan gida ne.

Rufin nan, zaman da Allah ya haɗa mu ne. Bai yi wa kowa nasa dabam ba. Inda na maƙwabcinka ya ƙare, nan naka ya dogara. Ka buɗe nasa, ka ƙara wa naka ƙusa ta addu'a da azumi da baiko mai kauri a akwatin majami'a, iskar ba ta karanta sunan mai ɗaki. Masu sakin labule ma ba ta tsallake su ba.

Maganar nan kuwa, aiko ni aka yi, ba za ta shiga gaban kursiyin shari'a ba. Waɗanda suka buga wa Ubangijinmu ƙusa a kan gicciye, su ma aiko su aka yi. Wanda ya aike ka zai amsa nasa. Kai ma za a ce miƙo hannunka.

Amma rumfar tana nan. Alherin Almasihu ne, yana kuma fitowa daga bakin wanda ka cuta, abin da ya fi komai ciwo ke nan. Ba a shigarta a tsaye, ba a shigarta da sunan wanda ya aiko ka. Kalmar shiga gajeriya ce: ni ne.

Kai mai karɓar haya a madadin wani, kai da aka ba kwaɗo ka rufe ƙofar mutane, ke da aka tura ki gaya wa 'yar aiki ta tattara kayanta alhali kin san sharri aka yi mata, kai da ka tsaya shaida a kan gonar marayu don babban mutum ya ce ka tsaya: duk wanda bai taɓa cutar da wani ba yana cewa sa shi aka yi, ya miƙe tsaye yanzu, a gaban matarsa da maƙwabtansa, ya ce ƙarya nake yi.